Yadda ake kare filin shaƙatawa na bakin kogi da yarjejeniyar dindindin

Masu fafutukar kare filin shaƙatawa na bakin kogi sukan ɗauka cewa tunda filin na hukumar birni ne babu mai taɓa shi, alhali majalisar da ta keɓe shi bana tana iya sayar da shi baɗi idan kujeru suka sauya hannu. Maganin da ake yi wa wannan a Amurka shi ne yarjejeniyar kare ƙasa: mai fili yana ci gaba da mallakar abinsa, amma ya sarayar da haƙƙin gini da yanka filaye har abada, kuma sharaɗin yana bin ƙasar ko hannun wa ta shiga. Haka birnin Richmond na jihar Bajiniya ya yi a 2009 da kimanin eka 280 a gaɓar Kogin James.

Da farko a nemo wanda zai riƙe amanar, wato mai ikon sa ido da tilasta bin sharaɗin, domin birni ba zai riƙe wa kansa ba. Kada a yarda da mai riƙo guda ɗaya. A haɗa ƙungiyar kare filaye da wata hukumar jiha. A Richmond ɓangarori uku aka ba riƙon, kuma da ɗaya daga cikinsu ya rushe a 2022, sauran biyun suna nan.

Mataki na biyu shi ne inda na ga sababbin shiga suna faɗuwa, wato rubuta halin da filin yake ciki a ranar sa hannu. Sukan yi ɗokin bikin sanarwa, su ɗauki 'yan hotuna su wuce, sai bayan shekaru a tarar an faɗaɗa wurin ajiye motoci, babu mai iya tabbatar da inda ya tsaya a da. Dole a kawo safiyo ya auna iyaka, a ɗauki hoton kowane gini da hanya da gaɓa tare da lambobin taswirarsa, sannan ɓangarorin duka su sa hannu a kan rahoton. Kogi kuma ba ya zama wuri ɗaya: yana cin gaɓa a nan, ya tara yashi a can, saboda haka takardar yarjejeniyar ta fayyace ko iyakar tana bin ruwa ne ko tana tsaye, ta kuma faɗi matsayin tsibirai. A zauna da injiniyoyin birni a lissafa bututun ruwa da na bahaya, da layukan lantarki, da ƙafafun gadoji, da ayyukan tare ambaliya, a rubuta cewa ana iya gyara su a inda suke. Idan aka hana komai, ranar da bututu ya fashe za a karya sharaɗin dole, kuma daga nan ba ya sake kwarjini. Idan kuma aka rubuta “gine-ginen shaƙatawa” kawai, an buɗe ƙofa ga gidan abinci da zauren biki. Ni dai ban yarda da takardar da ba ta ƙayyade da alƙaluma yawan ƙasar da za a iya rufewa da kwalta ko siminti ba.

Aikin safiyo da lauya yana cin kuɗi, haka ma asusun sa ido da mai riƙo zai nema, kuma ba a nan ake tsimi ba. Rangwamen harajin tarayya da ake yi wa mai filin da ya ba da irin wannan yarjejeniya kyauta ba ya amfanar birni, sai dai maƙwabtan filin masu zaman kansu, waɗanda ya kamata a jawo su ciki.

Daga nan sai ƙuri'ar majalisa. A duba dokar jiha tun da wuri, domin a Bajiniya tsarin mulki ya tanadi amincewar kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisa kafin a sayar da haƙƙin birni a filin shaƙatawa. Bayan sa hannu a shigar da takardar a rajistar filaye ba tare da jinkiri ba, mai riƙo kuma ya riƙa zagaya filin da rahoton farko a hannu aƙalla sau ɗaya a shekara.