Yadda na gyara keriyar ɗaukar kwalekwale a saman mota

Matsalar keriyar farko biyu ce: tana lotsa rufin mota, kuma da an hau gadar Third Mainland ta Legas iska ta bugo daga gefe, sai kwalekwalen ya fara karkata.

Lotsawar daga ƙafafun keriyar take. Tsakiyar rufi falle ne, ba ya ɗaukar nauyi. Na sa mai walda ya mayar da ƙafafun huɗu can gefe, saman ƙofofi, inda ƙarfen yake da ƙwari, kowace da faranti mai faɗin tafin hannu. A ƙarƙashi na shimfiɗa robar tsohon tiyub ninki biyu.

Sandunan gicciye bututu ne mai kusurwa huɗu, milimita 25, kaurin ƙarfensa milimita 2. A da sun yi kusa da juna, shi ya sa jirgin ke rawa. Na ware su zuwa santimita 90, sannan na ɗaure ƙananan katako biyu da noti a kan kowace sanda, daidai faɗin bakin jirgin, don kada ya zame.

A kifa jirgin, kada ya tara ruwan sama. Bel biyu a kan sanduna, igiya ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ɗaure igiyoyin a ƙugiyar jan mota, ba a bamba ba. Bamba roba ce, za ta ɓalle.

Iskar Legas da gishiri take, don haka jan fenti mai hana tsatsa dole ne, musamman wurin walda. Wannan keriyar ta jirgin faiba ce, wato na roba mai ƙwari mara nauyi. Na katako irin na Makoko, unguwar masunta da ke kan ruwa a Legas, ya fi ƙarfin rufin ƙaramar mota, sai akori-kura.