Igiya Uku a Hannu: Yadda Sabon Saja Zai Riƙe Mutanensa, Ya Kuma Share Hanyarsa Zuwa Samanja

Ranar da aka ɗaura wa soja igiya ta uku, aikinsa ya sauya kama. Jiya kofur ne, yana riƙe da sashe ɗaya na mutum takwas zuwa goma. Yau kuwa, in dai a rundunar sojan ƙasa masu yaƙi a ƙafa yake, filatun guda ce a wuyansa: sashe uku, mutum wajen talatin, da laftana mai anini ɗaya ko biyu a samansa. Laftana ne ke ba da umarni. Amma ko mutanen sun ci abinci, ko bindigoginsu za su tashi, ko akwai wanda ƙafarsa ta ɗuri ruwa yana ɓoyewa, duk saja za a tambaya.

Matakalar a sojan Nijeriya ga yadda take: farabiti, las kofur, kofur, saja, sitaf saja, warant ofisa, masta warant ofisa, sai ami warant ofisa a ƙoli. Samanja kuwa muƙami ne da ake naɗa mutum a kai, akwai na kamfani, akwai na bataliya wanda ake ce wa RSM. Barikin soja na Lokoja sunan wani tsohon samanja yake ɗauke da shi, Chari Maigumeri, wanda ya yi yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ya ajiye kaki a 1953. Hanyar zuwa wannan kujera daga ƙananan abubuwa take farawa, kuma na farkonsu littafi ne.

Littafin aljihu

Ka sayi ƙaramin littafi mai bango mai tauri, ka sa shi cikin leda saboda gumi da ruwan sama. Kowane soja ka ware masa shafi guda: suna da lambar aiki, rukunin jini, lambar bindigarsa, lambar takalminsa, kwas ɗin da ya yi da wanda ya rage masa, ranar da ya dawo daga hutunsa na ƙarshe, da sunan magajin da ke rubuce a fayil ɗinsa. Wannan na ƙarshe ka riƙa bibiyarsa duk wata shida. Yaro yakan rubuta sunan mahaifinsa ko yayansa tun yana kurtu a Dafo, cibiyar horar da sababbin sojoji ta Zariya, ya zo ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku, bai taɓa komawa ya gyara takardar ba. In ta Allah ta kasance, matar da marayun su ke shan wahalar zirga-zirga. Minti goma a ofishin akawu ya isa a gyara.

Kada ka rubuta wurin da kuke, ko lokacin fita sintiri, a wannan littafi. Littafi yana faɗuwa. Kada kuma ka mai da shi cikin waya. Waya tana mutuwa, ana kuma sace ta.

Dubawa kafin fita

Nan ne saja ke cin albashinsa. Tambayar “kowa ya shirya?” ba dubawa ba ce, domin babu farabitin da zai ce a'a a gaban 'yan uwansa. Kofurori su fara duba sassansu, sannan kai ka bi baya, kana taɓa kaya da hannunka.

Ɗauki magazin ɗin AK-47 mai cin harsashi 30. Danna harsashin sama da babban yatsa ka saki. In ya dawo da ƙarfi, sifirin yana da rai. In ya dawo a sanyaye ko ya maƙale, a zazzage harsasan, a kwance magazin ɗin, a goge ƙurar ciki. Duba leɓɓan sama guda biyu da ke riƙe harsashi. Wanda ya buga magazin a dutse ko a bayan mota yakan lanƙwasa su, kuma lanƙwasasshen leɓe shi ke sa bindiga ta ƙi ɗaukar harsashi. Sau da yawa in aka ce bindiga ta cije, laifin na magazin ne. Batun mai kuma, a ƙasa mai rairayi irin ta Borno da Yobe, ko lokacin hunturu da ƙura ke tashi, a shafa kaɗan a sassan da ke motsi, a goge sauran da tsumma. Mai da yawa in ya haɗu da ƙura dagwalo yake zama.

Daga nan sai maɗaurin tsai da jini. Ka tsayar da wuri guda da kowa zai riƙa ajiye nasa, misali aljihun gaba na hagu, domin wanda zai ɗaura wa mai rauni cikin duhu da na mai raunin zai yi amfani, ba shi da lokacin lalube. Kowa ya iya ɗaura shi da hannu ɗaya: santimita biyar zuwa bakwai sama da raunin, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba, a murɗa har jini ya tsaya, a rubuta lokacin da aka ɗaura. Kuskuren da aka fi yi shi ne daina murɗawa don mutum yana ihu. Zafi dole ne.

A gwada oba-oba tun da sauran lokaci, kowace da batirin canji cikakke. A ƙarshe kowa ya yi tsalle sau biyu a inda yake tsaye. Abin da ya yi ƙara a ɗaure shi.

Ruwa lissafi ne. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a arewa yakan wuce digiri 40, kuma mai tafiya da kaya a irin wannan rana zai iya buƙatar kusan lita guda a kowace awa. In ka ƙiyasta lita shida ga kowane mutum, mutum talatin lita 180 ke nan, wato jarka tara masu cin lita 20, kowace kilo 20 ce a mota. Ka san inda za a ɗora su kafin ka yi alkawari. A sha kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa guda, don shan ruwa fiye da kima ba tare da abinci ba shi ma yana kayar da mutum. Sojan da ya fara sambatu ko tangaɗi a rana, ba raki yake yi ba: a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a nemi likita nan take. Lokacin azumi kuwa, sai an ninka lura.

Ƙafa ma ana dubawa, kuma ba a jin kunyar hakan. Bayan doguwar tafiya kowa ya zauna ya cire takalmi da safa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka duba diddige da tsakanin yatsu. Inda fata ta yi ja a manna filasta tun kafin ta ɗuri ruwa. Sabon takalmi ba a fara shi ranar sintiri.

Lokaci da gadi

Lissafin lokaci daga baya ake faro shi. In fita aiki ƙarfe biyar na asuba ne, dubawarka ƙarfe huɗu da kwata, ta kofurori ƙarfe huɗu saura kwata, abinci da rabon harsashi kafin nan. Ƙa'idar da ake bi ita ce shugaba ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku na lokacin shiri, ya bar wa na ƙasa kashi biyu. Da ka ji ƙishin-ƙishin ɗin fita, ka sanar da kofurori su fara haɗa kaya, ko da cikakken umarni bai sauko ba.

Jadawalin gadi a rubuce yake zama, a manne inda kowa zai gani. Babu abin da ke lalata filatun da sauri kamar a gane cewa gadin ƙarfe biyun dare kullum a kan mutane ɗaya yake faɗawa. In mutum biyu ne a wuri da dare, kada a canza su tare. A sa tazarar awa guda, domin ido yakan ɗauki wajen rabin awa kafin ya saba da duhu. Hasken waya na ɗan lokaci kaɗan yana rushe wannan sabo. Kai ma ka riƙa zagayawa, ba a lokaci guda kullum ba.

Koyarwa

Darasi ɗaya, abu ɗaya, minti arba'in. Ka yi bayani a taƙaice, ka nuna da hannunka, su kwaikwaya mataki-mataki, sannan su yi ta maimaitawa. Fiye da rabin lokacin nasu ne. Sajan da ya cinye minti talatin yana surutu, kansa ya koyar. In za ka yi tambaya, ka jefa ta tukuna, ka ɗan yi shiru, sannan ka kira suna, don kowa ya yi tunani.

Bayan kowane aiki a zauna minti goma sha biyar: me aka yi niyya, me ya faru, me ya jawo bambancin, me za a gyara. A fara jin ta bakin farabiti, domin in manya suka riga shi magana, amin kawai zai ce. Kuma ka riƙa ba kofur aikinka lokaci-lokaci kana tsaye a gefe, las kofur kuma ya riƙe sashe. Ranar da ka tafi kwas ko ka kwanta asibiti, a nan za a ga abin da ka shuka.

Kai da mai anini

Laftanan da ya fito daga makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna wataƙila sa'an ƙaninka ne. Ya san taswira da dabarun yaƙi a takarda, kai ka san mutanen da ƙasar. In ka ga gyara a shirinsa, ka same shi shi kaɗai: “Yallaɓai, hanyar nan ta rafi da damina ba ta ɗaukar mota, ga wata ta gabas, sai dai ta fi nisa da awa guda.” Ka kawo matsala tare da mafita. In ya yanke hukunci, ka isar da shi kamar naka ne. Faɗin “ni ma ban yarda ba, oga ne ya ce” yana jawo maka farin jinin yini ɗaya, ya kashe umarnin duka, har da naka na gobe. Umarnin da ya saɓa wa doka ƙarara, kamar taɓa farar hula da ba ya ɗauke da makami ko wanda ya riga ya miƙa wuya, wannan daban ne, kuma a nan ake bukatar sajan da zai iya buɗe baki.

Wajen horo, ka san iyakarka. Gyara nan take naka ne; tuhuma da yanke hukunci na kwamanda ne a ƙarƙashin Dokar Rundunonin Soja. Duka da zagin iyaye ba sa cikin ikon kowa. Kada ka ci bashi a hannun na ƙasa da kai, kada ka karɓi ko sisi don sa sunan wani a jerin masu hutu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sojan da aka sani da raha in ya koma shiru, ba ya barci, ko ya fara shaye-shaye bayan dawowa daga daji, a kai shi ga likita kafin a kai shi gadirum, wato ɗakin tsare masu laifi na bariki.

Taka hanyar

Ƙarin girma yana tafiya ne da shekarun da ka yi a kan igiya, da kwas, da jarrabawa, da rahoton da shugabanninka ke rubutawa a kanka, da kuma gurbi. Gurbi ba a hannunka yake ba, sauran kuwa da naka a ciki. Ka tambayi babban akawun bataliya kwas ɗin da ake nema kafin igiya ta gaba, ka nemi a sa sunanka tun da wuri. Kowane fanni da makarantarsa: masu yaƙi a ƙafa Jaji, masu igwa Kachiya, masu tankoki Bauchi, injiniyoyi Makurɗi, 'yan sandan soja Basawa a Zariya. A Jaji kuma akwai makarantar warant ofisoshi. Wata uku kafin tafiya ka koma wa taswira da kamfas da gudun safe, don su ne suka fi kunyata tsofaffin hannu.

Rubutu shi ne katangar da ke tare jarumai da yawa. Daga sitaf saja zuwa sama aikin yana komawa rahoto, lissafin kayan sito, jadawali da wasiƙa, kuma da Turanci ake yinsu. Ka saba da rubuta rahoton shafi guda: wa, me, ina, yaushe, wane mataki aka ɗauka. Mai son ƙarin karatu, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, tana ba da damar yi daga nesa, amma a nemi izini a rubuce ta hannun kwamanda kafin a yi rajista.

Kowace takardar shaidar kwas, da ta ƙarin girma, da ta canjin wurin aiki, ka yi mata kwafi biyu: ɗaya a akwatinka, ɗaya a gida wurin wanda ka amince da shi. Ka riƙa neman ganin fayil ɗinka sau ɗaya a shekara, ka tabbata ranar haihuwa da ranar shiga aiki da rubutun sunanka iri ɗaya ne a ko'ina, har da na banki. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya riƙe takardun mutum a Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja, kuma gyaransa ya fi sauƙi tun kana cikin kaki, kafin a kira ka kwas ɗin shirin ritaya a cibiyar Oshodi ta Legas.