Mu'amala da Dillalan Aiki a Ingila: Shawara ga 'Yan'uwa daga Zariya

Duk wanda ya taso a Zariya ya san dillali, ko na gidan haya a Samaru ko na kaya a kasuwar Sabon Gari, kuma ya san da la'ada yake cin abinci. A Ingila ma akwai dillalan aiki, wato kamfanonin da ke haɗa mai neman aiki da mai neman ma'aikata, sai dai la'adarsu tana fitowa ne daga aljihun wanda ya ɗauke ka. Dokar dillalan aiki ta 1973 ta hana su karɓar kuɗi daga hannunka don sun samo maka aiki, in ban da 'yan sana'o'i irin na mawaƙa da 'yan wasa. Saboda haka ejan ɗin da ya ce sai ka biya, ko ya yi maka tallar takardar ɗaukar nauyin biza, ka yi nesa da shi. Sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar nauyin baƙi suna nan a shafin gwamnatin Birtaniya na GOV.UK, kuma kyauta ake dubawa.

Tunda mai ɗaukar ma'aikata ne yake biyan dillali, buƙatar wancan ce a gabansa, kuma zai tuna da kai ne idan ka sauƙaƙa masa aikinsa. Tun ranar farko ka faɗa masa irin bizar da kake da ita. Idan ɗalibin jami'a ne kai, ka bayyana masa cewa ba ka da izinin wuce awa 20 a mako a lokacin karatu, domin idan aka karya wannan sharaɗi, bizarka ce za ta shiga haɗari.

Abin da ya fi damuna shi ne kunyarmu. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, sai ka ga mutum ya kammala Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi shekaru yana aiki, amma da aka tambaye shi abin da ya iya sai ya sunkuyar da kai. Dillali ba zai iya tallata abin da ba ka faɗa masa ba, don haka ka lissafa ayyukanka dalla-dalla, da shekarun da ka yi a kowane wuri.

Ka kuma sharɗanta masa kada ya tura takardunka ko'ina sai da saninka, domin idan dillalai biyu suka kai sunanka wuri ɗaya, rigimar la'adarsu tana iya jawo maka asarar aikin. A aikin wucin gadi, bayan mako 12 a aiki ɗaya a wuri ɗaya, kana da haƙƙin albashi daidai da wanda za ka samu da kamfanin ne ya ɗauke ka da kansa.

Ma'aikatan jinya daga Shika da sauran asibitoci su lura cewa Najeriya tana cikin ƙasashen da ƙa'idar Birtaniya ta hana dillalai farautar ma'aikatan lafiya daga cikinsu. Wanda yake gida har yanzu, sai ya nemi aikin da kansa kai tsaye daga asibitin da ya tallata gurbin.