Kurakuran ɗaure taya da ke sa ƙafar mota ta fita

Mutane da dama sun ɗauka nauyin mota a kan ƙusoshin taya yake rataye. Ba haka ba ne. Aikin ƙusa da noti shi ne su matse rim a fuskar hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, matsi mai tsanani har ƙarfen biyu su kasa zamewa. Nauyi yana saukowa ta boris zuwa hob, ya bi ta wannan matsin ya shiga rim. Da zarar matsin ya yi sanyi, rim zai fara wasa, ƙusoshi su riƙa shan dukan da ba a yi su dominsa ba, ramuka su faɗaɗa, sai a ga suna karyewa ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk kuskuren da ake yi, wannan matsin yake ɓatawa.

Wanda ya fi yawa shi ne wuce gona da iri wajen ɗaurewa. Za ka ga an zura dogon faif a sifana, yaron shago ya hau yana tsalle har noti ya yi ƙara, maigida ya ce yanzu ta kama. Alhali ƙusa tana da iyakar miƙewa. Idan aka ja ta ta wuce wannan iyaka, ba ta komawa, kuma ƙarfin riƙonta ya ragu ke nan ko da ido bai gani ba. Corolla da Camry 103 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan) suke buƙata, Honda Accord 108 Nm, wanda babban mutum zai kai da hannu da sifanar da ta zo da motar. Gyaran shi ne a nemi sifana mai ma'auni, a duba adadin a littafin mota. Ƙusar da zarenta ya miƙe ko ya cinye, a canza ta.

Sai datti. Tsatsa, busasshen taɓo, ko fenti mai kauri tsakanin rim da hob, duk suna murƙushewa bayan 'yar tafiya, su bar gurbi, noti ya saki ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Burushin waya da sanfefa sun isa. Shi ya sa kuma ake sake bin notuna bayan kilomita 50 zuwa 100, abin da ba kasafai ake damuwa da shi ba. A ƙananan motoci kada a shafa giris ko baƙin mai a zare, domin santsin yana sa a ja ƙusa fiye da abin da ma'auni ya nuna.

Inda aka fi cutuwa shi ne sayen rim na hannu. Ana ƙirga ramuka, in biyar ne a ce ya yi. To amma Camry da Accord da'irar ramukansu milimita 114.3 ce, Marsandi da yawancin Golf masu rami biyar 112, Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2018 kuwa 100. Tsakanin 112 da 114.3 rim yana iya shiga da ƙyar, sai dai kowace ƙusa za ta zauna a karkace. Ramin tsakiya ma ya bambanta: na Camry 60.1, na Accord 64.1. Leɓen nan na tsakiyar hob shi ke daidaita rim kafin a matse. In ramin ya fi shi faɗi, a sa zoben cike gurbi, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa a kan babban titi, ka yi ta biyan kuɗin balansin a banza. Kujerar noti ita ma ba ɗaya ba ce. Akwai mai tsini, akwai mai zagaye irin na Honda, akwai mai shimfiɗaɗɗiyar washa irin na rim ɗin alminiyon na Toyota. In aka haɗa noti da rim da ba nasa ba, ɗan baki kawai yake kamawa.

A fara ɗaura notuna da hannu mota tana kan jak, a bi su a gicciye, wannan sannan wanda yake fuskantarsa, a ƙarasa bayan an sauke.

A tirela lamarin ya fi tsanani. MAN da DAF da Actros ƙusa goma ce, notin mai washa, ana ɗaure shi wajen 600 Nm ko sama, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. A ƙafafun baya rim biyu ne a haɗe, don haka fuskokin da za a goge sun ƙaru. Layin tsatsa da ke fitowa daga gindin noti alama ce cewa rim yana motsi, a tsaya a duba. Wasu tsofaffin motocin Japan irin su Canter notin ƙafar hagu baibai yake kwancewa, za ka ga harafin L a kan ƙusar. Wanda bai lura ba, yana ƙoƙarin kwancewa yana ƙara ɗaurewa har ta tsinke.

Boris mai siffar mazurari kuma ba a matse babban notinsa kamar na taya. Ana ɗaurewa ana juya ƙafar ya zauna, a ɗan sassauta, a sa sabon fil. In an tsaya hutawa, a kai hannu kusa da kowane hob. Wanda zafinsa ya fi na 'yan'uwansa, ko birki ne ya riƙe, ko boris ne yake ci.