Kwamfutar da ta yi barci ta ƙi farkawa: abin da za ka duba a BIOS

Kwamfutata ta tebur ta shafe kusan wata biyu tana yi min wani hali da ya ɗaure min kai. In na sa ta barci na dawo bayan rabin sa'a, da na taɓa kibod sai ta farka. In ta kwana kuwa, da safe ko sau nawa na danna kibod, ko na girgiza maus, shiru kake ji, sai na danna maɓallin kunnawa. Na canja maus, na canja ramin USB, duk a banza. Ashe laifin yana cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin babban allon kwamfuta, wadda ke tayar da ita kafin Windows ta buɗe.

Barcin kwamfuta hawa-hawa ne, kuma ƙa'idar sarrafa wutar kwamfuta mai suna ACPI ce ta tsara shi. A matakin S3 komai ya tsaya, amma RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, tana ci gaba da shan 'yar wuta don ta riƙe aikinka. A S4, wanda Windows ke kira Hibernate, an kwashe abin da ke cikin RAM an rubuta shi a faifai, kwamfutar kusan a kashe take. S5 kuwa kashewa ce gaba ɗaya. Windows na da saitin da ke zarcewa da kwamfuta daga S3 zuwa S4 bayan wani lokaci, kuma abin da tawa ke yi cikin dare ke nan ban sani ba.

Don haka kafin ka shiga BIOS, buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta powercfg /a. Zai nuna maka matakan barcin da kwamfutarka ke iya yi. In ka ga S0 Low Power Idle a madadin S3, kamar yadda yake a yawancin sababbin laftof, to kada ka wahalar da kanka neman S3 a BIOS, sau da yawa babu shi.

Sake kunna kwamfutar, ka riƙa danna Del ko F2 har BIOS ya buɗe. Ɗauki hoton kowane shafi da wayarka kafin ka taɓa komai. Ina roƙonka da wannan, domin ranar da ka rikice, hoton nan ne zai mayar da kai hanya.

Nemi ErP ko ErP Ready. Saiti ne da ya samo asali daga dokar Tarayyar Turai ta rage wutar da na'urori ke sha in suna kashe. In yana kunne, babban allon kwamfutar zai yanke wa ramukan USB da katin intanet wuta a S5, a wasu allunan har da S4. Kibod da ba shi da wuta ba zai iya ta da kowa ba. Alamar a fili take: in kwamfutar ta yi dogon barci, leƙa bayanta ka ga ko fitilar ramin kebul na intanet ta mutu. Mayar da ErP zuwa Disabled.

Daga nan sai izinin farkarwa, kuma kowane kamfani da sunan da yake ba shi. A allunan MSI yana ƙarƙashin Wake Up Event Setup, inda za ka kunna Resume By USB Device. A na ASUS ka duba APM Configuration, can Power On By PCI-E yake, wanda Wake on LAN, wato tayar da kwamfuta daga nesa ta kebul na intanet, ke buƙata. A kwamfutocin Dell ka kunna USB Wake Support, ka kashe Deep Sleep Control. A yawancinsu F10 ke adana canji. Abu ɗaya za ka canja, ka adana, ka gwada, sannan ka koma ga na gaba. Wanda ya canja biyar a lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi maganin ba.

BIOS shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai Windows ma ta yarda. Rubuta powercfg /devicequery wake_armed ka ga jerin na'urorin da aka ba izini. In kibod ɗinka ba ya ciki, buɗe Device Manager, ka shiga Power Management na kibod ɗin, ka sa alama a Allow this device to wake the computer. Mai son tayar da kwamfuta ta kebul daga nesa kuma ya kashe Fast Startup, saitin saurin kunnuwa wanda ya zo tun Windows 8, don yakan hana Wake on LAN aiki bayan an kashe kwamfuta.

In fanka na juyawa, fitilu sun kama, amma fuskar kwamfutar baƙi ƙirin, wannan wata cuta ce daban: ta farka, dawo da aikin ne ya gagara. Kashe XMP ko EXPO, saitin BIOS da ke ƙara wa RAM gudu, ka gwada, ka sabunta direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi. Sabunta BIOS shi ne na ƙarshe, kuma kada ka fara sai ka tabbata wuta ba za ta yanke a tsakiya ba.

In saitin da ka gyara yana komawa yadda yake duk lokacin da ka zare kwamfutar daga soket, kuma agogonta yana ɓacewa, ƙaramin batirin CR2032 mai volt 3 da ke kan allon ya mutu. Canja shi, sannan ka sake shiga ka kashe ErP.