Yadda ake gyara hanyar burji kafin damina

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara kuɗi a sayo jar ƙasa a juye a kan hanya ba a nema wa ruwa mafita ba. Ruwan Agusta ɗaya ya isa ya kwashe ta. Don haka da magudana ake farawa.

A ba hanyar doro, wato tsakiya ta fi gefe tudu da santimita 5 a kowace mita. Idan faɗinta mita 5 ne, tsakiyar za ta ɗara gefen da kamar santimita 12. Igiya da turaku sun isa awo. A haƙa lambatu hagu da dama, ƙasar da aka haƙo a tura ta tsakiya, sai in laka ce ko yashi zalla, a zubar da ita nesa. Duk bayan mita 30 zuwa 50 a yanka wa lambatun hanyar fita zuwa daji, a gangara kuma a matso da su kusa. Sai dai a fara shawara da masu gonakin bakin hanya, in ba haka ba da dare za su toshe. A wurin gangara a jera duwatsu a gicciye cikin lambatun don rage gudun ruwa, a dasa jema a gefe.

Sannan burji. Mai kyau shi ne mai tsakuwa da ɗan yumɓu: in an jiƙa an dunƙula ya kama jikinsa, bai tsiyayar da ruwa ba. A baza kaurin santimita 20, daɓe zai mayar da shi wajen 15. A hanya mai faɗin mita 5, tsawon mita 100 zai ci kubik mita 100. In babu injin daɓe, a zuba shi hawa biyu, ana yayyafa ruwa ana bugu da madaɓi. Busasshen burji ba ya daɓuwa, shi ya sa aikin gayya ya fi sauƙi tun da kaka, ƙasa na da sauran danshi.

Rami kuwa a kwashe taɓonsa, a sare bakinsa a tsaye, a cika kaɗan-kaɗan. Shara da ciyawa ruɓewa suke yi, ramin ya dawo.

Inda rafi ya ratsa, kwalbati mai faɗin santimita 90 ya fi mai 60, don mutum na iya shiga ya yashe shi. A rufe shi da ƙasa fiye da rabin mita, kar motar hatsi ta fasa shi ranar kasuwa.