Wacce bama zan ci in ina rage sitaci?

Tambayar nan ta yi yawa a inbos wlh, to ga shi a taƙaice:

1. Ki ɗau kwalbar ki juya bayanta, rubutun gaba talla ne kawai.

2. Ki duba jerin kayan haɗi. Bama ta asali mai ce da ƙwai da khal da gishiri, sitacinta kusan babu a cokali 1.

3. In kin ga an rubuta Light ki dakata. Nan ake yawan faɗawa, mai suka rage sai su cike gurbin da ruwa da sitaci don ta yi kauri, wani lokacin har da sukari, ke kuma sitacin kike gudu ba man ba.

4. Salad cream ki bar ta, ta fi bama yawan sukari.

5. In ta gida za ki yi, ki sa gwaiduwar ƙwai 1 a kwano.

6. Ki zuba ruwan lemun tsami cokali 1 da ɗan gishiri.

7. Ki riƙa ɗiga man gyaɗa kamar kofi 1 kina kaɗawa. Ɗigo ɗigo fa da farko, in kika juye shi gaba ɗaya tsinkewa za ta yi.

8. Ki sa a firij, kar ta wuce kwana 3. Ɗanyen ƙwai ne, in wutar unguwarku ba ta zama ki yi kaɗan, mai ciki da ƙananan yara kuma su ci ta kanti.

9. Ki auna da cokali, kowane babban cokali 1 kalori kusan 100 ne.